BANGASKIYA DA AYYUKA: DA WANNE MUTUM YAKE SAMUN CETO?

Yau za mu duba wata tambaya wadda takan taso a ajin baftisma, da taron Zumuntar Mata, har da bakin gadon mara lafiya. Da me mutum yake samun ceto? Da bangaskiya ne, ko da ayyuka nagari, ko kuwa sai an haɗa su biyu? Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa da shi, bari ya buɗe Romawa sura 4 ya sa tsinke a wurin, sa'an nan ya buɗe Yakubu sura 2, gama tsakanin surorin nan biyu za mu yi ta kai da kawowa.

Kada wani ya ce wannan zancen fastoci ne da 'yan makarantar Littafi Mai Tsarki. A kowace ikkilisiya akwai mutum iri biyu waɗanda maganar ta shafi ransu. Na fari shi ne mai himma, wanda ba ya fashin sujada, yana ba da baiko da zakka, yana azumi, amma in dare ya yi sai tsoro ya kama shi, yana tambayar kansa ko abin da ya yi ya isa Allah ya karɓe shi. Na biyu kuwa shi ne wanda ya ɗaga hannu a wani taron bishara shekarun baya, ya sami katin baftisma ya ajiye a akwati, daga nan ya ci gaba da tauye mudu da cin amanar mutane, hankalinsa kwance, yana cewa ai ta wurin alheri aka cece shi. Dukansu biyu suna cikin hatsari, kuma maganar Allah tana da saƙo domin kowannensu.

ABIN DA MANZO BULUS YA KOYAR

Gardamar nan ta fara tun zamanin manzanni. A Ayyukan Manzanni sura 15 mun karanta cewa waɗansu mutane sun zo Antakiya daga Yahudiya, suna koya wa 'yan'uwa na al'ummai cewa ba su da ceto sai an yi musu kaciya bisa ga al'adar Musa. Bulus da Barnaba suka ƙi wannan koyarwa ƙwarai, har aka kai maganar Urushalima gaban manzanni da dattawa, wajen shekara ta 49 bayan haihuwar Almasihu. A wurin Bitrus ya miƙe ya tuna musu yadda Allah ya ba al'ummai Ruhu Mai Tsarki ba tare da kaciya ba. Ya kira Shari'a kaya mai nauyi wanda su da kakanninsu suka kāsa ɗauka, ya kuma ce Bayahude da Ba'al'umme duka ta alherin Ubangiji Yesu za su tsira. Taron ya yanke cewa ba za a ɗora wa al'ummai kaciya ba.

Wannan ce koyarwar da Bulus ya shimfiɗa a wasiƙunsa zuwa ga Galatiyawa da Romawa. Ya fara da cutar kafin ya faɗi maganin. A Romawa sura 1 zuwa 3 ya nuna cewa dukan 'yan adam masu zunubi ne, mai Shari'a da mara Shari'a. Aikin Shari'a kamar na madubi ne: yana nuna wa mutum dattin fuskarsa, amma ba wanda yake wanke fuska da madubi. Tun da yake ba mai iya biyan bashin zunubinsa, Allah da kansa ya biya ta wurin mutuwar Ɗansa a kan gicciye. Wanda ya dogara ga Almasihu, Allah yana baratar da shi, watau yana yafe masa, yana karɓarsa a matsayin mai adalci, kamar yadda alƙali yakan sallami wanda aka biya masa tara.

Domin ya tabbatar da haka, Bulus ya kawo Ibrahim. A Farawa sura 15 Allah ya fito da Ibrahim waje da dare, ya nuna masa taurari, ya yi masa alkawarin zuriya mai yawa kamarsu, alhali kuwa shi tsoho ne mara ɗa. Ibrahim ya gaskata, Allah kuma ya lissafta masa wannan gaskatawa a matsayin adalci. Bulus ya ce mu lura da lokacin. A ranar nan Ibrahim bai yi kaciya ba tukuna. An haifi Isma'ilu yana da shekara 86, an yi masa kaciya yana da shekara 99, alkawarin taurari kuwa ya riga haihuwar Isma'ilu. Ashe fiye da shekara 13 Ibrahim ya yi yana karɓaɓɓe a gaban Allah kafin kaciya ta zo. Shari'ar Musa kuma, in ji Bulus a Galatiyawa sura 3, sai bayan shekara 430 ta biyo.

Bulus ya ƙara da misalin da kowane manomi ya sani. In ka ɗauki ɗan ƙodago ya yi maka noma daga safe zuwa azahar, kuɗin da ka ba shi hakkinsa ne, ba zai durƙusa ya gode maka kamar wanda aka yi wa kyauta ba. In ka hana shi ma, yana iya kai ƙararka wurin mai unguwa. Da a ce ceto ladan aiki ne, da mutum zai iya tsayawa gaban Allah ya ce a biya shi, ya kuma yi fariya a kan maƙwabcinsa. Afisawa sura 2 ta rufe wannan ƙofa. Ta ce mu matattu ne cikin zunubanmu lokacin da Allah ya rayar da mu. Gawa kuwa ba ta ƙodago. Ceto kyauta ce daga Allah, bangaskiya kuma ita ce hannun da yake karɓa.

ABIN DA YAKUBU YA KOYAR

To, sai mu juya zuwa Yakubu sura 2, inda mai karatu yakan tsaya cik. Yakubu ya tambaya ko bangaskiyar da ba ta da aiki za ta iya ceton mai ita. Ya kwatanta ta da jikin da numfashi ya rabu da shi. Ya kuma ce ana baratar da mutum ta wurin abin da ya aikata, ba ta bangaskiya ita kaɗai ba. Wani zai ce, ashe manzannin nan biyu suna musun juna? Kafin mu amsa, bari mu ga su wane ne Yakubu yake yi wa magana.

A farkon surar ya kwatanta wata majami'a inda mai zoben zinariya da tufafi masu tsada ya shigo, aka yi maza aka ba shi wurin zama mai kyau, matalauci kuma ya shigo da tsummoki aka ce ya tsaya can, ko ya zauna a ƙasa. A tsakiyar surar ya kawo ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ba su da sutura, ba su da abincin yini, sai wani mai bi ya sallame su da fatan alheri, bai ba su ko loma ɗaya ba. A sura 5 ya tsauta wa masu gonaki da suka danne hakkin waɗanda suka yi musu girbi. Mutanen nan ba masu ƙoƙarin sayen ceto da ayyuka ba ne. Bakinsu cike yake da zancen bangaskiya, hannunsu kuwa a dunƙule. Yakubu ya ce musu, in dai yarda da cewa Allah ɗaya ne ita ce dukan bangaskiyarsu, to, aljanu ma sun yarda da haka, har jikinsu na rawa don tsoro, amma wannan bai cece su ba.

Likita ɗaya yakan ba mai ciwon sukari magani dabam, ya ba wanda yunwa ta rame shi magani dabam, ba kuwa wanda zai ce likitan yana musun kansa. Bulus yana jinyar masu dogara ga aikinsu. Yakubu yana jinyar masu dogara ga fatar bakinsu.

KALMOMI UKU DA MUTUM ƊAYA

Akwai kalmomi uku da dukansu biyu suka mora, amma kowa da abin da yake nufi. Sa'ad da Bulus ya ce bangaskiya, yana nufin mutum ya jingina ransa duka ga Almasihu, kamar yadda mai haye kogi yakan shiga kwalekwale da dukan nauyinsa. Bangaskiyar da Yakubu ya kushe kuwa ita ce ta wanda ya tsaya a gaɓa yana yabon kwalekwalen, bai taɓa sa ƙafa a ciki ba. Sa'ad da Bulus ya ƙi ayyuka, yana nufin abin da mutum yake kawowa domin ya sayi karɓuwa wurin Allah. Ayyukan da Yakubu yake nema su ne na ƙauna, waɗanda suke fitowa daga wanda an riga an karɓe shi. Sa'ad da Bulus ya ce barata, yana maganar hukuncin da Allah ya yanke a kan mai zunubi ranar da ya ba da gaskiya. Yakubu kuwa yana maganar yadda wannan hukunci yake bayyana a fili, har a gane cewa bangaskiyar mutumin ta gaske ce.

Abin da ya fi taimakonmu shi ne, dukansu biyu sun kafa hujja da mutum ɗaya, har da aya ɗaya ta Farawa sura 15. Amma Yakubu ya ƙara gaba zuwa Farawa sura 22, inda Allah ya gwada Ibrahim ya ce ya miƙa Ishaku a ƙasar Moriya. Ku lissafta tazarar. An haifi Ishaku Ibrahim yana da shekara 100, watau aƙalla shekara 14 bayan daren taurari. A ranar gwajin kuma Ishaku ya yi girman da zai ɗauki itacen hadaya, har ya tambayi mahaifinsa ina ragon yake. Shekaru masu yawa ke nan Ibrahim yana zaune a matsayin mai adalci kafin ya hau dutsen. Hawan dutsen bai sa ya zama na Allah ba, gama ya riga ya zama. Amma a kan dutsen ne aka ga abin da yake cikin zuciyarsa tun daren nan. Ibraniyawa sura 11 ta gaya mana cewa ya ɗauka Allah yana da ikon ta da Ishaku ko daga matattu. Hausawa sukan ce, labarin zuciya a tambayi fuska. Haka nan labarin bangaskiya, a tambayi ayyuka.

Yakubu ya kawo Rahab ta Yariko kuma, mace karuwa, Ba'al'umma. A Joshuwa sura 2 ta gaya wa 'yan leƙen asirin nan biyu cewa ta san Ubangiji ya ba Isra'ila ƙasar. Mutanen Yariko duka sun ji labarin Bahar Maliya, duka kuma sun tsorata. Ita kaɗai ce ta ɓoye mutanen a kan rufin ɗakinta, ta zurarar da su ta taga da igiya, ta sa ranta a hatsari. Ji ɗaya suka yi da maƙwabtanta, amma nata jin ya zama bangaskiya, aka kuwa gane haka ta wurin abin da ta yi.

BULUS DA YAKUBU SUN SHA HANNU

Kada mu manta cewa Yakubu ɗan'uwan Ubangiji yana cikin taron Urushalima, shi ne ma ya kawo shawarar ƙarshe cewa kada a wahalar da al'ummai masu juyowa ga Allah. A Galatiyawa sura 2 Bulus ya ba da labari cewa Yakubu da Bitrus da Yahaya sun ba shi hannun zumunta, shi da Barnaba. Abu ɗaya suka roƙe shi, ya riƙa tunawa da matalauta, Bulus kuwa ya ce wannan shi ne abin da yake marmarin yi tun dā. Bai tsaya a faɗa ba. Ya yi shekaru yana tara gudummawa daga ikkilisiyoyin Galatiya da Makidoniya da Akaya domin matalautan Urushalima, ya umarci Korantiyawa kowa ya riƙa keɓe wani abu a ranar farko ta mako, a ƙarshe ya kai kuɗin da kansa, a wannan zuwa ne kuma aka kama shi. Mai wa'azin alheri ke nan.

A Romawa sura 6 ya tambaya ko za mu ci gaba da zunubi domin alheri ya ƙaru, ya kuma amsa da a'a mai ƙarfi. A Galatiyawa sura 5 ya ce abin da yake da amfani cikin Almasihu shi ne bangaskiyar da ƙauna take motsa ta ga aiki. Afisawa sura 2 ma, bayan ayoyi 8 da 9 da muka haddace tun muna yara, tana da aya 10, wadda ta ce Allah ya sake halittarmu cikin Almasihu domin ayyuka nagari waɗanda ya shirya mana tun da wuri. Mu koma gonar nan ta ɗazu. Ɗan ƙodago da ɗan gida suna iya riƙe fartanya a kunya ɗaya, gumi ɗaya suke yi. Ɗan ƙodago yana noma domin a biya shi. Ɗan gida yana noma domin gandun na mahaifinsa ne. Noman bai mai da shi ɗa ba, haihuwa ce ta mai da shi. Amma ɗan da ya kwanta a inuwa damina bayan damina, bai damu ko gandun ya mutu ba, dole mutane su fara tambaya ko jinin gidan ne.

ABIN DA TARIHIN IKKILISIYA YA NUNA

Ikkilisiya ta sha komawa kan wannan magana. A farkon ƙarni na 5 wani malami mai suna Felajiyus ya koyar cewa mutum yana da ikon kiyaye umarnin Allah da ƙarfin nufinsa. Agustin, bishop na Hippo a Afirka ta Arewa, ya tsaya a kan cewa in ba alherin Allah ya riga ya taɓa zuciya ba, ba ta iya juyowa. Taron Kartaj na shekara ta 418 ya ƙi koyarwar Felajiyus.

A shekara ta 1517 Martin Luther, malamin Littafi Mai Tsarki a Wittenberg ta ƙasar Jamus, ya rubuta batutuwa 95 yana ƙin sayar da takardun sassauta horon zunubi da ake yi a zamaninsa. Shi kansa ya daɗe yana azabtar da ransa da azumi da yawan furta zunubi, bai sami salama ba sai da ya fahimci Romawa sura 1 aya 17. Saboda zafin wannan gwagwarmaya, a shekara ta 1522 ya kwatanta wasiƙar Yakubu da tattaka in an gwada ta da wasiƙun Bulus, ko da yake bai fitar da ita daga fassararsa ba. Shi ɗin ne kuma ya koyar cewa bangaskiya ta gaske rayayya ce, ba ta iya zama ba aiki. Ikkilisiyar Katolika ta ba da tata amsa a taron Trent a shekara ta 1547, ɓangarorin biyu suka yi ɗaruruwan shekaru suna la'antar koyarwar juna.

Ran 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsburg na Jamus, wakilan Katolika da na Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a kan sanarwa ɗaya game da barata. Suka amince tare cewa Allah yana karɓarmu ta alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin Almasihu, ba don cancantarmu ba, kuma Ruhu Mai Tsarki da muke karɓa shi ne yake sabunta zuciya, yana kiranmu ga ayyuka nagari. Majalisar Methodist ta Duniya ta shiga cikin sanarwar a shekara ta 2006. Ba dukan bambanci ne ya ƙare ba, amma a kan jerin abin sun yi baki ɗaya: alheri a gaba, ayyuka a baya.

TO, YAYA ZA MU YI?

Ga ɗan'uwa mai tsoro muna cewa, dubi ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu a Luka sura 23. Hannuwansa a kafe suke, ba zai iya mayar da abin da ya sata ba, ba lokacin baftisma, ba baiko. Ya amsa laifinsa, ya roƙi Yesu ya tuna da shi, aka kuwa yi masa alkawarin Firdausi a ranar. In kana auna ayyukanka kowane dare domin ka ga ko sun isa, ba za su taɓa isa ba, ba kuma a ce su isa ba. Aikin da ya isa an gama shi a kan gicciye. Ka huta a kansa, sa'an nan ka tashi da safe ka yi hidimarka da farin ciki kamar ɗan gida.

Ga ɗan'uwa mai kwanciyar hankalin ƙarya muna cewa, dubi Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, a Luka sura 19. Yesu ne ya fara kiransa daga kan itacen ɓaure, ya shiga gidansa tun bai gyara kome ba. Amma kafin a tashi daga wurin, Zakka ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya zalunta ninki 4. Ceton da ya shiga gidansa ya kai har aljihunsa. Kada kuma ka fake da ɓarawon kan gicciye ka ce za ka tuba a ƙarshe, gama ɓarayi biyu ne a wurin, ɗaya kaɗai ya tuba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka bari kowannenmu ya gwada kansa a wannan mako, da abubuwan da Yakubu ya ambata. Mudun da muke sayarwa da shi, shi ne wanda muke saye da shi? Wanda ya yi mana aiki, mun biya shi a kan lokaci? Gwauruwa da marayun da suke cikin ikkilisiyarmu, mun san abin da suka ci jiya? Harshenmu da ya yi waƙar yabo ran Lahadi, me ya faɗa a kan maƙwabci ran Litinin? Akwai wanda muka riƙe a zuciya muka ƙi yafe masa? A Matiyu sura 25 Ubangiji ya nuna cewa a ranar shari'a zai yi maganar mayunwaci da baƙo da mara lafiya da ɗan kurkuku. Abin lura shi ne, waɗanda ya yaba musu sun yi mamaki, ba su ma tuna sun yi ba, gama ba lissafin lada suke yi ba. Itacen mangwaro ba ya ƙirga 'ya'yansa.

In mun gwada kanmu muka ga reshe a bushe, maganin ba shi ne mu sayo 'ya'ya mu ɗaura masa da zare domin mutane su gani ba. Mu koma ga saiwar. Yahaya sura 15 ta koya mana cewa reshen da ya zauna cikin kurangar inabi shi ne yake ba da 'ya'ya, rabe da Almasihu kuwa ba abin da za mu iya. Mu tuba, mu dogara gare shi sabo, Ruhunsa zai yi aikinsa a cikinmu.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin ka karɓe mu saboda Ɗanka, ba saboda abin da hannuwanmu suka yi ba. Ka ba masu tsoro a cikinmu salama, ka farkar da masu barci. Ka sa bangaskiyarmu ta zama rayayya a gida da gona da kasuwa da wurin aiki, domin waɗanda suke ganinmu su ɗaukaka sunanka. Mun roƙa a cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Sai mun sake saduwa a shiri na gaba, in Ubangiji ya yarda. Alherinsa ya kasance tare da ku duka.